Mayafin Inna a Kwalin Kwikwiyo

Zuwa ga Yayata,

Sallama da gaisuwa ta girmamawa daga ƙaninki. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara, ya ɗauke miki ciwon gwiwar nan da kike ta fama da shi, ya kuma sa aikin da ya kai ku nesa da mu ya zama alheri. Mu nan lafiya lau muke. Mai ɗakina Malama tana ta fama da ɗalibanta, kullum ta dawo da jakar takardun jarrabawa da muryar da ta dushe. Babbanmu ya kira makon jiya, ya ce ɗakin da ya kama ya fi na da, sai dai ruwa ba ya hawa sama. Ƙaramar kuma ta ce in gaya miki takalmin da kika aiko ya yi mata cif. Shago yana tafiya, idona ne dai ya fara neman taimako wajen zura zare a allura.

Za ki yi mamakin ganin wasiƙa daga wurina, ni da ko saƙon waya sai Malama ta rubuta mini. Dalili shi ne na yi miki ƙarya a waya ranar Lahadi, kuma na gwada kiranki sau huɗu in gyara, kowane lokaci sai in kashe kafin ta shiga. Bakina ya ƙi, shi ya sa na ba hannu aikin. Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe kafin ki buɗe ƙullin da ke tare da takardar nan.

Kin san tun da Inna ta rasu, yara kuma suka watse makaranta da wurin aiki, gidan nan ya yi mana girma. Ina dawowa daga shago in tarar da falo shiru, kujerarta tana nan gefen taga inda kika bar ta, ba mai zama a kai. Wata guda ke nan da mai gyaran firji, wanda shagonsa ke jikin nawa, ya ce karyarsa ta haihu, ko ina son ɗaya ya riƙa tsare mini gida. Na je in ce masa a'a, sai na dawo da kwikwiyo a cikin kwalin injin firji. Ɗan mitsitsi ne, ruwan ƙasa, idanunsa biyu baƙaƙe ƙirin, shi ya sa na sa masa suna Maɓalli. Malama ta kalle ni ta kalle shi, ta ce wannan ai shi ne mai buƙatar a tsare shi. Ta kafa sharaɗi uku: ba zai shiga ɗakin kwana ba, ba zai shiga falo ba, kuma duk ƙazantarsa a wuyana. Na yarda, muka ajiye kwalinsa a ƙarshen lungun nan da ke tsakanin kicin da ɗakin ajiya.

Yaya, ban san abu ƙarami haka yana da murya irin wannan ba. Kwana biyar yana kuka daga kashe fitila har wayewar gari. In na fito ya yi shiru, in na koma ya ɗora daga inda ya tsaya. Ya tauna igiyar takalmina, ya yi fitsari a bakin ƙofar kicin, ya janyo tsintsiya ya warwatsa ta. A rana ta shida ma'aikaciyar jinyar da ke zaune a saman benenmu ta tare ni a bakin ƙofa, idanunta jajir, ta ce ita da ke kwana a tsaye kan marasa lafiya ba ta taɓa ganin majinyaci mai naci irin nawa ba. Cikin ladabi ta faɗa, amma ta ƙara da cewa in abin ya ci gaba za ta kai maganar wurin mai gidan. Ranar ban buɗe shago ba, na ɗauke shi muka tafi wurin likitan dabbobi.

Likitan ya yi masa allura, sannan ya zaunar da ni kamar ni ne mara lafiyar. Ya ce kwikwiyon da aka raba da uwarsa tsoro yake ji, ba iskanci ba ne. Ya ce in zaɓi wuri ɗaya na kwana kada in riƙa canzawa, in fitar da shi waje bayan kowane cin abinci da kuma kafin barci, in ba shi abin da zai tauna don ya ƙyale takalma, kuma kada in riƙa fitowa duk lokacin da ya yi kuka, don sai ya ɗauka kuka ne ke kiran mutum. Ya ja mini kunne kan duka, ya ce duka ba ya koya wa kare komai sai tsoron hannu. Daga ƙarshe ya ce in samo tufafin da mutum ya sa ya cire, wanda ba a wanke ba, in shimfiɗa masa a kwali, don ƙanshin jikin mutum yana kwantar masa da hankali. Ya ce rigata ma ta isa.

A nan ne halina da kika sani ya taso. Ni, in ba kare rigata? Ni da nake goge ko rigar da zan sa in zubar da shara? Na kwaso ƙyallaye daga shago cikin buhu na cika masa kwali. To sabon yadi ba ya ƙanshin kowa sai ƙanshin kanti, Maɓalli ya yayyaga su ya ci gaba da waƙarsa. Na roƙi Malama tsohon zane, ta tuna mini sharaɗi na uku. Sai wata rana da hantsi, bayan ta tafi makaranta, na shiga ɗakin ajiya neman tsumma. Na buɗe akwatin nan shuɗi da kika bar mana ajiya lokacin da za ki koma bayan rasuwar Inna. Na san naki ne, ba zan ce ban sani ba. Na ce a raina tsofaffin kaya ne, ba za ki lura da rashin guda ɗaya ba. A can ƙasa na ga leda cikin leda cikin wata ledar, kowacce da ƙullinta kamar an ɗaure da haƙori. Har dariya na yi, na ce Yaya da ƙulle-ƙulle. Ban tsaya kwancewa ba, na sa almakashi.

Mayafin ulu ne ruwan toka, ya tsufa, gefensa ɗaya ya fara zarewa. Na duba shi irin duban da nake wa kowane yadi: na ja shi in ga ƙarfin saƙar, na ɗaga shi a haske, na yanke hukunci cewa ba shi da sauran daraja. Da na buɗe shi wani ƙanshi ya taso, na man zafi da sabulu da wani abu da ban tsaya tantancewa ba. Abin da na ce kawai shi ne, yauwa, wannan an sa shi ba a wanke ba, daidai abin da likita ya ce. Na ninke shi huɗu na shimfiɗa a kwali. Maɓalli ya shinshina, ya zagaya sau biyu, ya tura hancinsa cikin ninkin ya yi barci. Daga ranar ba mu ƙara jin kukansa ba.

Mako uku na yi ina ɗaga kafaɗa. Ma'aikaciyar jinya ta gode mini, mai gyaran firji ya riƙa turo mini mutane in koya musu horon kare, ni kuwa ina zaune bakin keken ɗinki ina ta zuba bayani kamar ni na rubuta littafin. Gaskiya kwikwiyon ya gyaru, ya koyi zuwa bakin ƙofa in zai yi fitsari, ya san kalmar zauna, ya san iyakarsa ita ce bakin falo. Malama ba ta zuwa ƙarshen lungun, don har yanzu tana ɗaga zane in ya tunkaro ta, saboda haka ba ta taɓa leƙa cikin kwalin ba. Ni ne nake leƙawa kullum, safe da yamma, ina kakkaɓe mayafin in mayar, kuma ban gane shi ba.

Sai ga wayarki ranar Lahadi da rana. Kika ce shekara ta zagayo, kuma yanzu kina jin zuciyarki za ta iya ɗauka. Kika ce abokin aikin maigidanki zai biyo ta wurinmu ranar Alhamis, in ba shi ledar da ke ƙasan akwati shuɗi, kada in buɗe ta ko kaɗan. Kika ce mayafin da Inna ta yi ta yafawa ne a shekarunta na ƙarshe, kin cire shi daga kafaɗarta da hannunki, kin ɗaure shi tun ranar ba ki wanke ba, don ƙanshinta ya zauna a ciki. Kika ce shi kaɗai ne abin da kika roƙa a cikin kayanta. Yaya, lokacin da kike wannan magana ina tsaye a lungu, Maɓalli yana kwance a kan mayafin ya miƙe ƙafafu, yana tauna gefensa. Kika tambaye ni ko ledar tana nan, na ce miki tana nan lafiya lau, ko ƙura ba ta taɓa ta ba. Kika sa mini albarka. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige ban waiwayo ba.

Abin da ya fi ci mini rai ba almakashin ba ne. Shekara biyu Inna tana zaune a falona da wannan mayafi a kafaɗa. Kullum na wuce ta gabanta in gaishe ta a tsaye, makullin shago a hannu, ta ce in zauna in sha shayi, in ce masu kaya suna jira. Da aka kwantar da ita asibiti ke kika baro gidanki da aikinki kika zo kika tare a gefen gadonta, ni kuwa in leƙo da yamma da ledar lemo in koma. Ni da nake gane ɗinkin hannuna a jikin mutum daga tsallaken titi, ban gane mayafin uwata ba da yake a hannuna.

Kin ga da na tsaya a nan na kira ki, da laifin ya tsaya guda ɗaya. Amma kaina ya ɗau zafi. Na fizge mayafin daga ƙarƙashin kwikwiyon, na ga gashi ya cika shi, ga rami a kusurwa da zai ci yatsu uku, ga kuma tabon fitsari na kwanakin farko. Ban yi tunani ba, hannuna ne ya yi abin da ya saba. Na jiƙa shi da garin sabulu, na wanke sau uku, na ɗauraye, na shanya a igiyar bayan kicin. Malama ta dawo daga gidan ƙanwarta ta tarar da shi yana ɗiga. Ita kallo ɗaya ta yi masa ta gane. Ta ajiye jakarta a ƙasa, ta tambaye ni me mayafin Inna yake yi a kan igiya. Na gaya mata komai. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce kare ya ɓata rabin abin da Yaya ta ajiye, ni kuma na wanke sauran rabin na zubar a kwata.

Washegari na ƙara laifi na uku. Na kai mayafin shago, na samo zaren ulu mai launinsa, na cike ramin ta yadda ke kanki ba za ki gane ba, don wannan aikina ne kuma na iya shi. Na goge shi. Sannan na shiga kantin magani na sayi irin man zafin da Inna ke shafawa, na sayi irin sabulunta, na dawo gida na shafa kaɗan a wuyan mayafin, na goga sabulun a cikin ninki, na samo ledoji uku. Na ce a raina shekara guda ta wuce, wa zai iya bambancewa. Malama tana zaune tana duba takardun ɗalibai, sai jan bironta ya tsaya a wuri ɗaya.

Kin san tela ba ya miƙa kaya sai an gwada. Kafin in ɗaure, sai na kira Maɓalli, wanda ya koma kukansa tun da na raba shi da shimfiɗarsa, na miƙa masa mayafin. Ya taho da gudu yana kaɗa wutsiya. Ya shinshina sau ɗaya, ya yi atishawa, ya ja da baya ya kalle ni. Sai ya juya ya bar ni tsugune da mayafi a hannu, ya tsallake bakin falo da aka hana shi, ya tafi kai tsaye ƙarƙashin kujerar Inna. Haushi da kunya suka haɗu mini, na daka masa tsawa, har na ɗaga takalmi, ni mai koya wa mutane cewa ba a dukan kare. Ya maƙale a ƙafar kujerar yana rawar jiki, amma bai fito ba. Malama ce ta riƙe hannuna, ita da ta kafa dokar falon, ta ce in ajiye takalmin in duba abin da yake yi.

Da ya ga na sauke hannu, sai ya miƙe da ƙafafun baya yana tura hanci tsakanin katifar kujerar da hannunta, yana tono da farce. Na zura hannuna cikin wannan matsatsin, can ƙasa inda tsintsiya ba ta kai, na taɓo wani abu mai laushi. Ɗankwalin Inna ne, ƙaramin nan fari mai ɗigon kore da take ɗaurawa in za ta yi gyangyaɗin rana. A dunƙule yake, an ƙulle gefensa ɗaya, a cikin ƙullin akwai rabin ƙwayar magani, irin wanda take cewa ta sha alhali ta ɓoye. Malama ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Ta ruga kicin ta ɗauko kwalba mai murfi, ta goge ta ta bushe, muka saka ɗankwalin muka murɗe murfin. Farcen Maɓalli bai kai gare shi ba, bakinsa ma bai taɓa shi ba, wannan na rantse miki.

Ga abin da ke cikin ƙullin da abokin aikin maigidanki zai ba ki. Akwai mayafin. Na sake wanke shi don in cire man zafin da na shafa, ba zan aiko miki da ƙarya cikin leda uku ba. Na kuma zauna na warware cikon da na yi, zare bayan zare, na bar ramin yadda yake. Shi ne aiki mafi kyau da na yi a shekarar nan, kuma ban taɓa jin kunyar ɗinkina ba sai a kansa. In kina so in cike miki shi wata rana, zan cike kina kallo. Sai kuma kwalbar, na naɗe ta da tawul biyu don kada ta fashe a hanya. Na san ɗankwali ba mayafi ba ne, kuma ba ke kika cire shi daga kanta ba. Ban aiko shi don ya biya ba, ba abin da zai biya.

Game da Maɓalli, Malama ta sassauta doka da bakinta. Kwalinsa yanzu yana bakin falo, inda zai iya hango kujerar, ba ya hawa kanta, mu ma ba mu matsar da ita ba. A cikin kwalin akwai farar rigata mai aikin wuya, wadda na sa ranar da muka raka ki tasha, na sa ta yini guda na cire na shimfiɗa masa. Da na yi haka tun ranar da likita ya faɗa, da ba na wannan rubutu. Sai da ya yi kwana biyu yana ja mata aji kafin ya yarda ya kwanta a kai. Ban ga laifinsa ba, ya ɗanɗani na Inna, nawa kuwa man keke ne da alli. Idan kin ce in rabu da shi ba zan yi miki musu ba, amma ki sani shi bai yi komai ba, inda aka shimfiɗa masa ya kwanta.

Ki gaishe mini da maigidanki, ki ce masa ban manta da wandon da ya ce in rage masa ba. Ki gaishe da babbar 'yarki da mijinta, da autanki mai gardama, da jikanyarki da ban gani ba sai a hoto. Malama tana gaishe ki da kyau, ta ce in rubuta cewa ita ma tana neman afuwa don ba ta leƙa kwalin ba, na ce mata wannan laifin ba ya rabuwa biyu. Kawu yana gaishe ki, Gwaggo ma haka, ba su san komai ba, na bar miki ki faɗa ko ki rufa mini asiri.

Ki yafe mini in za ki iya, in ba yanzu ba, ko nan gaba. Abu ɗaya nake roƙo. Kafin mu rufe kwalbar na kai ɗankwalin hancina sau ɗaya. Malama ta ce Inna ce sak, kamar yanzu ta tashi daga kujerar. Kwikwiyon da bai taɓa ganinta ba ya gane ta. Ni ban ji komai ba, Yaya, na ja numfashi har ƙirjina ya cika, ban san abin da nake nema ba. In kin buɗe, ki rufe ƙofa da taga tukuna. In kin same ta a ciki, ki rubuto ki gaya mini yadda ƙanshinta yake.

Ƙaninki mai jiran amsarki da sunkuyayyen kai,
Tela